Gaɓar bututu da ta kusa cinye injin casa: nazarin matsalar wayarin a wani kamfanin shinkafa

## Wurin, da yadda aka yi masa wayarin

Ƙaramin kamfanin casar shinkafa ne a wani gari kudu da birnin Kano, a yankin da ake noman rani. Ginin ɗaki biyu ne manya. Ɗaya na gumi, inda tukwane ke tururi tun daga asuba har la'asar. Ɗaya na injuna, inda ake cire tsakuwa, a cashe, a goge, a zuba a buhu. Wutar wurin fes uku ce, bolt 400 tsakanin layi da layi, 230 tsakanin layi da nutural. Kamfanin na da ƙaramar taransifomarsa da janareta, kuma an haɗa nutural da ƙasa tun daga tushe.

Mai wurin, wanda kowa ke ce wa Alhaji, ya taɓa ɗanɗana kuɗarsa a tsohon wurinsa, inda ɓeraye suka gaigaye bututun roba har suka kai ga waya. Shi ya sa da ya tashi gina wannan ya ce shi fayif ɗin ƙarfe yake so, ko nawa ne. Aka sayo mai milimita 20, mai kaurin jiki, wanda aka tsoma a ruwan zinki don tsatsa. Bututu ne mai kyau, irin wanda ake yanka wa zare a baki.

Layin da wannan nazari ya shafa ya tashi ne daga babban akwatin rarraba wuta, ya bi bangon ɗakin gumi, ya huda bango ya shiga ɗakin injuna, ya ƙare a akwatin sitata na injin casa. Tsawonsa mita 42. A cikinsa akwai waya uku masu milimita murabba'i 4, suna ciyar da moto mai kilowat 7.5, wanda ke jan amfiya 15 ko kusa da haka in yana cikin aiki. Birekar layin, wato na'urar da ke yanke wuta in ta yi yawa, amfiya 25 ce, nau'in C.

Ba a ja wayar atin, wato wadda ke mayar da wutar da ta taɓa jikin ƙarfe zuwa tushe don bireka ta faɗi, a cikin bututun ba. An bar jikin ƙarfen ya zama shi ne hanyar atin. Ƙa'idar wayarin ta Birtaniya, BS 7671, wadda masu sana'ar a Najeriya suka gada kuma suke karantu da ita, ta yarda da haka ga bututun ƙarfe mara lanƙwasuwa, muddin kowace gaɓa ta haɗu sosai, ta ƙarfi da ta wuta. Wanda ya yi aikin ba shi da dayis ɗin yanka zare, don haka ya haɗa bututan da kofla mai ɗan noti a gefe: a zura bututu, a ɗaure notin ya cije shi. Gaɓa 14 ce daga farko zuwa ƙarshe. An gama aikin a watan Janairu, aka fara casa a Fabrairu. Ba a yi wani awo ba kafin a ba da wuta. An kunna, inji ya tashi, aka yi addu'a.

## Yuli: wuta ta fara ja

Wata biyar babu wanda ya yi ƙorafi. A tsakiyar Yuli, da damina ta kankama, yaron da ke zuba shanshera a bakin inji ya ce ƙarfen na jansa. Ba kullum ba. Sai da safe, sai kuma inji na gudu. In an kashe an taɓa, shiru.

Matakin farko shi ne na kowa. Aka sa masa katako ya riƙa tsayawa a kai, aka ce kada ya ƙara shiga ɗakin ba takalmi. Aka kira mai wayarin ɗin da ya yi aikin, ya buɗe moto, ya duba kwayil, ya same shi lafiya, ya ƙara ɗaure wayoyin sitata ya tafi. Bayan kwana huɗu wani ma'aikacin ya jingina da akwatin sitata da jiƙaƙƙiyar riga, ya yi tsalle har ya zubar da rabin buhu.

## Ƙarshen Yuli zuwa Agusta: sandar atin da babbar bireka

Da mai wayarin ya dawo karo na biyu, ya ce atin ne ya yi rauni. Aka haƙa rami a bayan ɗakin injuna, aka kafa sandar atin, aka zuba gawayi da gishiri, aka jawo waya daga jikin inji zuwa sandar. Jan ya ɗauke ɗif. Sati uku babu wanda ya ji komai, kuma kowa ya ɗauka magana ta ƙare.

A sati na biyu na Agusta bireka ta faɗi sau biyu a rana ɗaya, ana tsakiyar aikin wani ɗan kasuwa da motarsa ke jira a ƙofa. Aka ce ta yi wa moton ƙanƙanta. Aka cire mai amfiya 25 aka sa mai 32, ita ma nau'in C. Ba ta ƙara faɗuwa ba.

A ƙarshen watan jan ya dawo, kuma wannan karon ba a inji kaɗai ba, har a jikin bututun da ke bango. Mai wayarin ya bi layin da sukudireba ya ƙara ɗaure notin kowace kofla, waɗanda suka yi tsatsa a ɗakin gumi ya naɗe su da baƙin salatif don ruwa. Mai waldar kamfanin ya ba da shawara a ɗiɗɗiga walda a kan gaɓoɓin a huta. Alhaji ya ce a bari sai bayan kaka. Wannan jinkiri ya yi rana, don robar da ke jikin wayar an yi ta ne ta jure zafin digiri 70, kuma walda da waya a ciki da ta narkar da ita nan take.

## Daren farkon Satumba

Da misalin ƙarfe biyu na dare mai gadi ya ji ƙauri. Injuna duk a kashe suke tun magariba. Ya haska fitila ya ga hayaƙi na tashi daga kan wata kofla a ɗakin injuna, kusa da inda bututun ya fito daga bango. Ɓuntun da ya taru a kan bututun ya zama garwashi, yana ci a hankali, kuma buhunan dusa na jibge ƙasa da shi kamar kamu uku. Bai zuba ruwa ba. Ya ruga ya ja babban makunnin, sannan ya kakkaɓe garwashin da tsintsiya ya danne da yashi.

Birekar layin tana nan a sama, ba ta faɗi ba.

Washegari aka kira ni in binciki layin.

## Awon da aka yi

Muka kashe wuta, muka kulle makunnin, muka cire wayar sandar atin don kada ta rikita mana lissafi. Awo na farko shi ne turjiyar bututun, wato yadda yake tare wa wuta hanya, wadda ake lissafawa da om, daga babban akwati zuwa akwatin sitata, da na'urar awon ƙaramar turjiya da doguwar waya. Lafiyayyen bututun ƙarfe mai wannan tsawo bai kamata ya wuce kashi biyu cikin goma na om ɗaya ba. Muka sami om 9.2. Na ce wa yarona ya kama bututun ya ɗan girgiza. Lambar ta yi sama, ta ɓace gaba ɗaya, ta dawo 11, ta sauko 8.

Sai muka bi gaɓa gaɓa. Shida na da dama-dama. Bakwai sun nuna tsakanin om 0.2 da 0.5 kowacce. Wadda ta yi hayaƙi ita kaɗai ta ɗauki kusan om 7.

Da muka kwance ta, abin da ke ciki ya isa bayani. Bututun na lilo a cikin kofla kamar ƙafar yaro a takalmin babansa. Bakin notin ne kaɗai ke taɓa shi a gefe ɗaya, a ɗaya gefen kuma wani siririn layi, duk sun yi baƙi. Ragowar sararin cike yake da garin dusa da ya sha raɓa ya daskare da tsatsa. A jikin koflar an buga 3/4. Nan ne kan zaren. Wannan kofla ta tsarin Amurka ce, an yi ta ne don siririn bututun da suke kira EMT, wanda mai inci uku bisa huɗu faɗinsa na waje milimita 23.4 ne. Bututun Alhaji na tsarin milimita ne, faɗinsa 20 cif. Tazarar ta haura milimita 3. A kasuwa duka biyun "tiri kwata" ake ce musu, kuma mai shago ba zai tambaye ka wane bututu za ka sa ba.

Awo na biyu shi ne na robar waya, da bolt 500. Ƙa'ida ta ce kada ya gaza megom 1, wato om miliyan ɗaya. Layi ɗaya ya nuna sifili tsakaninsa da bututu. Sauran biyun suka ba da 0.3 da 0.4. Muka zaro wayoyin. A daidai inda bututu ya shiga akwatin sitata, babu bush, wato zoben tagulla mai sumul ɗin baki da ke kare waya daga kaifin bututu. An yanke bututun da zarto, ba a goge kaifin ciki ba, aka cusa shi a ramin akwati aka tare da kofla. Wata bakwai girgizar inji na goga waya a kan wannan kaifi, har jan ƙarfen ya fito fili, tsawon ƙwayar shinkafa biyu. A ɗakin gumi kuma, inda bututun ya sauko ya kewaye ƙofa ya sake hawa, da muka kwance gaɓar ƙasa sai da ruwa ya zubo, ya kusa cika kofin shayi. Ba ruwan sama ba ne. Iska mai tururi ce ke shiga ta bakin koflolin, ta huce da dare ta koma ruwa, ya gangara inda ya fi ƙasa.

Sandar atin muka auna ta ƙarshe: om 18. In an haɗa da ta tushen taransifoma, hanyar ta ƙasa ta kai om 21.

Da waɗannan lambobi lissafin daren ya fito. Wayar da ta ɓare tana kafin a kai sitata ne, don haka da wuta a jikinta ko moto na kashe. Da ta manne da ƙarfe, wutar ta sami hanyar komawa biyu: ta bututu mai om 9.2, da ta ƙasa mai om 21. Jimillarsu da turjiyar sauran layin ta kusa om 6.8, wato amfiya 34 ke gudu. Bireka mai amfiya 32 an ƙera ta ne ta riƙe har ninki 1.13 na ƙarfinta, amfiya 36, tsawon awa guda ba ta faɗi ba. Kafin nau'in C ta tabbata ta faɗi nan take sai an sami ninki goma, amfiya 320. A wurinta komai lafiya. A cikin amfiya 34 ɗin nan, kusan 24 sun bi ta bututu, suka ratsa gaɓa mai om 7. Zafin da hakan ke haifarwa ya kusa kilowat 4, kamar a tara dutsen guga huɗu a wuri mai girman ɗan yatsa, a lulluɓe da ɓuntu. Lissafi ne daga awon washegari, amma ya dace da abin da mai gadi ya gani.

Alhaji na tsaye yana kallon koflar a tafin hannuna.

"Injiniya, wannan ɗan abin? Fayif ɗin fa mafi tsada na saya."

"Fayif ɗinka ba shi da laifi, ranka ya daɗe. Ba za mu jefar da ko ɗaya ba sai wanda ya ƙone."

## Gyaran, da tuntuɓen da muka yi a cikinsa

An tsayar da aiki kwana huɗu. Shinkafar da aka riga aka jiƙa don gumi sai da aka kai ta wani wurin.

Rana ta farko ta tafi a banza, kuma laifina ne. Na aiki yaro kasuwa ya sayo kofla mai zare, ban rubuta masa girman ba. Ya dawo da soket ɗin masu aikin famfo, na rabin inci. A ido kamar ya yi. Yana hawa zagaye biyu sai ya cije. Zaren bututun waya na milimita 20 tazarar haƙoransa milimita 1.5 ce, na famfo kuwa haƙori 14 ne a inci ɗaya, wato sama da milimita 1.8. Yaron ya ɗauko sifana zai matsa masa da ƙarfi, na ce ya ajiye. Da mun tilasta shi, da mun sake yin abin da muka zo kwancewa. Washegari na je da kaina da guntun bututu a aljihu, na riƙa gwada kowace kofla a gaban mai shago.

Muka sauke layin gaba ɗaya. Kowane baki aka daidaita yankansa, aka yanka masa zare da dayis ana ɗiga mai, tsawon rabin kofla, aka goge kaifin ciki da magagari har yatsa ya zaga ba ya kamawa. Ana ɗaurewa har bakunan bututu biyu su haɗu a tsakiyar kofla. A wurare biyu da babu halin juya ko wane ɓangare, aka yi dogon zare a gefe ɗaya, aka mayar da kofla da zoben kulle baya, aka jera bututan, aka dawo da koflar kan ɗayan, aka danne ta da zoben. Yankan zare na cire zinkin da ke kare ƙarfe, don haka duk zaren da ya rage a waje an shafe shi da fenti mai zinki bayan an gama ɗauri.

Inda bututu ke shiga akwati, nan muka fi ɓata lokaci. Kofla a waje, bush na tagulla daga ciki ya ratso ramin ya shiga cikinta, bangon akwatin ya matse a tsakaninsu. Kafin ɗauri sai an kankare fentin da ke kewaye da ramin har ƙarfe ya yi fari, don fenti ba ya wuce wuta, kuma an sa ɗan faifan zobe mai haƙora. Bakin bush sumul yake, waya na kwanciya a kansa ba abin da zai yanke ta. Ramin akwatin sitata an riga an faɗaɗa shi don tsohuwar koflar, sai da aka toshe shi aka huda sabo mai milimita 20.

Daga sitata zuwa moto da can ma bututu ne sandararre, girgizar inji na bin sa har bango. Muka sa guntun bututu mai lanƙwasuwa mai rigar roba, da mahaɗinsa na musamman a kowane baki. Shi wannan ƙa'ida ba ta yarda a dogara da shi a matsayin atin ba, dole a ja waya ta daban. Tun da haka ne, muka ja wayar atin mai milimita murabba'i 4 tun daga babban akwati har jikin moto, cikin bututu ɗaya da sababbin wayoyi ukun, aka ɗaure ta a jikin kowane akwati da ta ratsa.

Tsohon layin da wayar ɗauri aka rataye shi a kan ƙusoshi, wani wurin tazarar ta fi mita uku. Muka sa maɗauri mai ɗaga bututu daga bango, kowane mita ɗaya da rabi, da kuma ɗaya kusa da kowane akwati da kowace kwana. Ɗagawar na hana dusa kwanciya a bayan bututu, tsintsiya na shiga. Kewayen ƙofar ɗakin gumi aka mayar da shi ta sama. A inda ya rage mafi ƙasa aka sa akwati mai ɗan ramin tsiyaya a gindi, sannan aka toshe cikin bututun da abin liƙi a akwatin da ke bakin bango, don iskar ɗakin gumi ta daina ratsawa zuwa ɗakin injuna.

Bireka ta koma amfiya 25. Aka ƙara na'urar da ke yanke wuta in ta ji yoyo, mai miliamfiya 300, wadda bugun BS 7671 na 2018 ke nema a wuraren da ake sarrafa kaya masu saurin kama wuta. Sandar atin aka bar ta, amma aka haɗe ta da sauran atin na ginin.

Awon rufewa: bututun shi kaɗai, kafin a haɗa wayar atin, om 0.13. Robar waya sama da megom 200 a kowane layi. Turjiyar zagayen gaba ɗaya a bakin moto om 0.44, alhali iyakar da bireka C mai amfiya 25 ke buƙata don ta faɗi nan take ita ce 0.87.

## Bayan shekara ɗaya

Na koma a Oktoba na shekarar da ta biyo, bayan wata daminar ta wuce. Babu wanda wuta ta ja, bireka ba ta faɗi ba. Bututun ya nuna om 0.16. Zoben kulle ɗaya kusa da inji ya ɗan saki, aka ɗaure. Dogon zare ɗaya a ɗakin gumi ya fara ja, da alama fentin bai kai bayansa ba, aka goge aka sake shafawa. Akwatin tsiyaya na da danshi a gindi amma ba ruwa a kwance.

## Abin da na ɗauka daga lamarin

Kuskure uku ne suka haɗu tun ranar farko: kofla da ba ta bututun ba, baki mara bush, da rashin awo kafin ba da wuta. Ko ɗaya aka kauce wa, da abin bai kai haka ba. Da gaɓoɓin na da kyau, ranar da waya ta taɓa ƙarfe amfiya ɗari huɗu ko biyar za su ruga, bireka ta faɗi kafin a ƙifta ido, a nemo dalili. Faɗuwa biyun nan na Agusta ma, a ganina, haka ne ya faru: girgiza ta sa gaɓoɓin suka ɗan kama daidai lokacin da wayar ta taɓa. Ita kaɗai ce ranar da layin ya faɗi gaskiya, kuma aka rufe masa baki da babbar bireka.

Ba na ɗora wa kofla mai noti laifi don kasancewarta mai noti. A kan bututun da aka yi ta dominsa, a busasshen ɗaki mara girgiza, tana aikinta, kuma a Amurka da ita ake wayarin ɗin manyan gine-gine. A wuri mai jiƙa su ma wata suke sa wa, mai matse bututu da zobe ta ko'ina. Abin da ba ta yi shi ne riƙe bututun da ya fi ta siranta da milimita uku, a ɗakin tururi, kusa da injin da ke rawa yini guda.

Sandar atin ita ta fi ba ni tsoro a duk matakan, don ta yi kama da magani. Lokacin da yoyon ɗan kaɗan ne ta cikin danshi, ta shanye shi, jan ya ɗauke. Amma hanya mai om 21 amfiya 11 kawai za ta iya wucewa da ita, kuma wannan ba ya kayar da ko bireka mai 16. Ta ɗauke alamar ta bar cutar sati uku tana girma. Ƙara ɗaure notoci kuma ya mayar da gaɓar da ke buɗewa ta zama mai ɗan kamawa, wato daidai yanayin da ke haifar da zafi.

Kan wayar atin ta daban, akwai abokan sana'a da ke ganin ɓarnar kuɗi ce tun da bututun ya ba da 0.13. A ofis zan yarda da su. A wurin da wanda zai zo gyara gobe mai yiwuwa ba shi da dayis, na fi son kada ran yaron da ke zuba shanshera ya rataya a kan gaɓa 14. Hukumar NEMSA ta gwamnatin tarayya, da dokar 2015 ta kafa, aikinta ne duba irin wannan wayarin da ba da shaida, amma awon da zai tona wannan matsala ba ya buƙatar jiran kowa: na'ura ɗaya, doguwar waya, da rabin awa.

Sauran layuka biyar na kamfanin da irin waccan koflar aka yi su. An gyara uku. Biyun da suka rage, na fitilu da na injin ɗinkin buhu, an ja musu wayar atin an sa bush, Alhaji ya ce zaren sai an sayar da shinkafar bana.